LAFIYAR GARI TANA HANNUN MUTANEN GARI

GABATARWA

An shirya wannan ƙasida ne domin a bayyana wa jama'a yadda mutanen ƙauye ɗaya, ko na unguwa ɗaya, za su zauna da kansu su tsara aikin kiwon lafiyarsu, maimakon su naɗe hannu suna jiran abin da za a aiko musu daga sama. Za a yi misali da Yankin Birnin Tarayya, Abuja, amma abin da aka faɗa a nan ya shafi kowace mazaɓa a ƙasar nan. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zauren mai unguwa, da gindin bishiya, da wuraren taron mata.

BIRNIN TARAYYA DA ƘAUYUKANSA

A watan Fabrairu na 1976 ne Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa Yankin Birnin Tarayya, sa'an nan ran 12 ga watan Disamba, 1991 aka tashi daga Ikko aka dawo Abuja. Yankin yana da ƙananan hukumomi shida, watau Abaji, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da kuma ta cikin birni, kuma an kasa su mazaɓu 62. Mazaɓa ita ce yankin da ke zaɓen kansila guda.

Baƙon da ya shigo birnin ya ga Asibitin Ƙasa, ko ya je Gwagwalada ya ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, yana iya zaton sha'anin lafiya ya zauna daidai a ko'ina. Alhali kuwa a cikin yankin nan akwai ƙauyukan Gbagyi, da Gade, da Koro, da Gwandara, da Bassa, da rugagen Fulani, waɗanda in damina ta yi nisa rafi kan raba su da hanyar mota. Akwai kuma garuruwan gefen birni irin su Nyanya, da Karu, da Mpape, da Zuba, inda jama'a suka yi yawa har suka fi ƙarfin famfo da magudanan ruwa. Damuwar mutumin Rubochi dabam, ta mutumin Kubwa dabam. Saboda haka ba shi yiwuwa ma'aikaci ya zauna a ofis ya rubuta tsari guda wanda zai dace da kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

ASALIN WANNAN MANUFA

A cikin shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, Gwamnati ta sa ƙarfinta wajen gina ɗakunan shan magani da sayen kayan aiki. An yi gine-gine, amma da yawa daga cikinsu ba su yi amfanin da aka zata ba, domin ba a yi shawara da mutanen wurin ba, su kuma suka ɗauka abin na Gwamnati ne, ba ruwansu da gyaransa ko tsaronsa.

A watan Satumba na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tara wakilan ƙasashe 134 a birnin Alma-Ata, wanda a yau ake kira Almaty a ƙasar Kazakistan. A can aka amince cewa haƙƙin jama'a ne, kuma wajibinsu ne, su sa hannu cikin tsara aikin lafiyarsu da gudanar da shi. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗora aikin bisa wannan tushe. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwaji, aka kafa kwamitocin ƙauyuka, aka horar da 'yan sa kai da unguwarzoma. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince da asusun magani mai juyawa, watau a sayar da magani da sauƙi, a mai da kuɗin a sake sayo wani, jama'a kuma su sa ido a kan lissafin. A 1988 aka fito da Manufar Lafiya ta Ƙasa, a 1992 kuma aka kafa Hukumar Raya Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa. A farkon shekarun 2000 hukumar nan ta mai da mazaɓa ta zama tushen aikin, kowace mazaɓa da asibitinta da kwamitinta.

ABIN DA AKA GANI DA IDO

Gani ya kori ji. Ga abubuwa huɗu da suka faru a ƙasar nan, waɗanda ke nuna ƙarfin jama'a in sun ɗauki aiki nasu ne.

Na farko, kurkunu. A binciken da aka yi tsakanin 1988 da 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da cutar a Nijeriya. Kurkunu ba ta da allurar rigakafi, ba ta kuma da ƙwayar da ke kashe ta. Abin da ya kawar da ita shi ne 'yan sa kai na ƙauyuka waɗanda suka riƙa bi gida gida suna rubuta masu ciwon, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai kurkunu tsoma ƙafa cikin tafkin da ake sha. Tsohon Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka yana ƙarfafa wannan aiki. An ga mutum na ƙarshe mai cutar a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da ita.

Na biyu, makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. Ƙasar da Birnin Tarayya yake a kai ta daɗe da sanin wannan cuta, har tun a shekarun 1950 aka yi aikin zuba magani a rafukan tsohuwar Abuja, wadda a yau ake kira Suleja, domin kashe tsutsar ƙudan. Daga baya aka sami ƙwayar Mectizan, wadda ake bayarwa kyauta tun 1987. Shirin Afirka na yaƙi da cutar, wanda aka soma a 1995, ya bar wa mutanen ƙauye su zaɓi mai rabon magani daga cikinsu, su kuma tsai da rana da wurin rabo. Mai rabon ba likita ba ne. Sanda ce a hannunsa mai alamomi, yana auna tsawon mutum ya san yawan ƙwayar da zai ba shi. Ta haka a 2018 aka ba da sanarwar cewa an katse yaɗuwar cutar a jihohin Filato da Nasarawa.

Na uku, shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafi a waɗansu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ta ƙetare iyaka. Ba a shawo kan lamarin sosai ba sai da aka koma ga jama'a, musamman daga 2009, lokacin da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwa suka riƙa shiga gaban masu ɗigon rigakafi. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, ran 25 ga watan Agusta, 2020 kuma aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗigon ne domin akwai sauran wani nau'i da ke kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Na huɗu, bahaya a fili. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar dukan ƙananan hukumominta 27 sun bar wannan al'ada. Mutanen kowane ƙauye ne suka zaga garinsu, suka ga yadda ƙazanta ke komawa cikin ruwansu da abincinsu, suka yi alkawarin kowane gida ya haƙa salga.

KWAMITIN RAYA MAZAƁA

Kowane ƙauye ko unguwa ya kamata su kasance da kwamitinsu, daga cikin waɗannan kuma ake haɗa Kwamitin Raya Mazaɓa. Sarki ko hakimi ko dagaci shi ne uban kwamiti, amma shugaba da magatakarda da ma'aji jama'a ne ke zaɓensu. A cikinsa a sa wakilin kowane ƙauye, da liman da fasto, da shugabannin mata da na matasa, da hedimasta, da unguwarzoma, da wakilin direbobi da na 'yan kasuwa, da shugaban asibitin mazaɓa. Kada a manta da ardon Fulani, da naƙasassu, da baƙin da suka zo cin rani, domin cuta ba ta tambayar asalin mutum. A tabbata mata suna da yawa a ciki kuma ana sauraronsu, gama su ne ke ɗebo ruwa, su ke jinyar yara, su ke haihuwa. Aikin kwamiti na sa kai ne, ba shi da albashi, kuma ba na wata jam'iyya ba ne.

MATAKAI BIYAR NA YIN TSARI

1. A san halin da ake ciki. A taru a fili a zana taswirar gari a ƙasa da tsinke, sa'an nan a kwafe ta a takarda. A nuna rijiyoyi, da rafuka, da kududdufai, da juji, da mahauta, da makaranta, da gidajen da ba su da salga, da hanyoyin da ruwa ke yankewa. A ƙidaya gidaje, da mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A roƙi malamin asibiti ya buɗe rajistarsa ya karanta cututtukan da suka fi kawo mutane bara, wata bayan wata. A kuma lissafa waɗanda suka rasu a gida, musamman jarirai da mata wajen haihuwa, domin su ba sa cikin rajista. Wannan lissafi yana da ɗaci, amma ba domin a kama laifin kowa ake yinsa ba.

2. A zaɓi abin da za a sa gaba. Matsaloli za su fito da yawa, kuma wanda ya ce zai ɗauke su duka a shekara guda ba zai gama ko ɗaya ba. A auna kowace da tambayoyi huɗu. Mutum nawa take taɓawa? Tana kisa ko naƙasawa? Akwai sanannen maganinta? Muna da ikon yin wani abu a kai? A ba kowane mutum ƙwayar masara ko tsakuwa ya ajiye a kan matsalar da ta fi damunsa, don kada masu baki su rinjayi masu kunya. Inda al'ada ba ta bar mata su yi magana gaban maza ba, su yi zamansu dabam, a kawo abin da suka zaɓa a haɗa. A tsaya a kan abu uku kurum.

3. A nemi tushen matsala. Kada a tsaya a kan abin da ido ya gani, a yi ta tambayar me ya sa har a kai gindi. A misali, a ce mata suna haihuwa a gida alhali ga asibiti kusa. Me ya sa? Domin naƙuda ta fi tasowa da dare, asibitin kuwa a kulle yake. Me ya sa yake a kulle? Domin unguwarzomar asibiti a wani gari take kwana. Me ya sa? Domin ba ɗakin kwana, ba ruwa, ba fitila, ba mai gadi. To, ashe maganin wannan ba wa'azi ga mata ba ne, gyaran ɗaki ne da samar da ruwa da haske. Masana sun lura jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun mutanen gari suke. Maigida ya ba da izini tun kafin ranar, ko da yana nan ko ba ya nan. A yi yarjejeniya da direbobin tasha, kamar yadda aka yi da ƙungiyar direbobi a jihohin Arewa da dama. A kuma yi adashi na musamman domin kuɗin mota.

4. A rubuta tsari. A ja layi a babbar takarda a yi gida biyar: aikin da za a yi, wanda zai yi shi, ranar gamawa, abin da ake bukata, da alamar da za ta nuna an yi. A gidan wanda zai yi, a rubuta sunan mutum, domin aikin da aka ce na kowa ne ba na kowa ba ne. Sa'an nan a kasa ayyukan uku. Akwai waɗanda gari zai yi da kansa ta hanyar gayya, kamar yashe kwatoci, da cike kududdufai, da ɗaure bakin rijiya a yi mata murfi. Akwai waɗanda sai an haɗa hannu, kamar gari ya kawo yashi da ƙarfi, ƙaramar hukuma ta kawo siminti da kwano. Akwai kuma waɗanda na Gwamnati ne kaɗai, kamar turo ma'aikata da alluran rigakafi. Waɗannan a rubuta su a kai wa kansila da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma garin da ya zo da rabin aikinsa a gama ya fi saurin samun mai sauraro.

A daidaita tsarin da lokutan shekara. Gini da gyara a bar su sai bayan kaka, lokacin da hannu ya sami sarari kuma aljihu ya yi nauyi. Yashe magudana da duba gidajen sauro a gama su kafin ruwan farko. Da damina a tsananta tsaron ruwan sha, domin a 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma ba ta bar Birnin Tarayya ba. Da zafin bazara a lura da sanƙarau da ƙyanda.

5. A bi sawun aiki. Kwamiti ya zauna sau ɗaya kowane wata, magatakarda ya rubuta abin da aka yanke. A liƙa tsarin a bangon asibiti inda kowa zai gani. Alamomin da za a duba su zama masu sauƙin ƙirgawa: yara nawa suka kai wata tara suka karɓi allurar ƙyanda, mata nawa suka je awon ciki, nawa suka haihu a hannun ma'aikaciya, gida nawa suka haƙa salga, kwana nawa asibiti ya yi ba magani. A ƙarshen shekara a tara gari duka a karanta abin da aka yi da abin da ya gagara, sa'an nan a zana tsarin baɗi.

BATUN KUƊI

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman domin kiwon lafiya a matakin farko, wanda Gwamnatin Tarayya za ta riƙa zuba wa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta ba. Kamar yadda dokar ta tsara, kashi 50 cikin 100 na asusun na biyan kuɗin jinya ne ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 na gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na horar da ma'aikata, kashi 5 kuma na jinyar gaggawa. Asibitin mazaɓar da aka shigar cikin shirin yana da asusunsa a banki, kuma shugaban asibiti da shugaban kwamiti su ne ke sa hannu tare kafin a fitar da kuɗi, bisa tsarin da aka rubuta aka amince da shi.

Wannan amana ce babba. Kwamitin da ba shi da tsari, sa hannu kurum zai riƙa yi a kan abin da bai sani ba. Saboda haka kowane sayayya a karɓi rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a, a liƙa jerin abubuwan da ake yi kyauta a ƙofar asibiti. Kowane ɗan mazaɓa yana da ikon tambayar nawa aka samu, kuma me aka yi da su. Wanda bai gamsu ba ya kai kukansa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta jiharsa ko ta Birnin Tarayya.

ABUBUWAN DA KE RUSA KWAMITI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamitoci da yawa sun mutu tun ba su yi shekara ba, saboda ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) Cika kwamiti da 'yan'uwan mai mulki ko 'yan jam'iyya guda.
(b) Zama sai ranar da baƙi za su zo, ko sai an ji akwai kuɗin zama.
(c) Ɗaukar ma'aikacin asibiti abokin gaba. Kwamiti abokin aikinsa ne: ya sama masa masauki, ya kare mutuncinsa, in ya yi sakaci a yi masa magana cikin ladabi kafin a kai ƙara.
(d) Ɓoye ɓullar cuta don gudun abin kunya. In aka ga mutane da yawa suna amai da gudawa, ko yaro ya sami shanyewar ƙafa farat ɗaya, a sanar da asibiti a ranar.
(e) Son gini fiye da aiki. Rijiya mai tsabta da gidan sauro sukan ceci rayukan da sabon gini marar ma'aikaci ba zai ceta ba.

KIRA GA JAMA'A

Gwamnati ba ta janye hannunta ba. Turo ma'aikata, da biyan albashinsu, da samar da alluran rigakafi, da gina manyan asibitoci duk suna wuyanta, kuma jama'a suna da haƙƙin tuna mata. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga iyayen ƙasa su kira taro, limamai da fastoci su yi shela, malaman makaranta su taimaka da rubutu da lissafi, magidanta kuma su bar iyalansu su halarta.

Kai mai karatu, je ka asibitin mazaɓarku cikin wannan mako ka tambaya ko akwai kwamiti, da sunan shugabansa, da ranar zamansa. In akwai, ka halarci zama na gaba. In babu, ka sami mai unguwa ko dagaci ku tsai da ranar taron farko kafin damina ta faɗi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.